Wanda Yake Riƙe da Usur: Yadda Horar da Yara Wasa Yake Renon Shugabanni

Da wuya a tashi taron dattawa, ko na majalisar ikilisiya ko na unguwa, ba a taɓo maganar matasa ba. Kukan ɗaya ne: ba a ga waɗanda za su karɓi aiki ba. Idan aka nemi magatakarda, sai kowa ya sunkuyar da kai. Idan aka ba saurayi ajiyar kuɗin zumunta, bayan wata uku sai a shiga cigiyar littafin lissafi. Maganin da aka saba kawowa shi ne a shirya taron ƙara wa juna sani na kwana biyu ko uku, a gayyato mai jawabi daga birni, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto. Taron yana da amfaninsa, amma ba a taɓa jin wanda ya iya noma ta wurin sauraron jawabi a kan fartanya ba. Shugabanci ana koyonsa ne a inda aka ɗora wa mutum nauyin waɗansu, ya yanke shawara, ya kuma ga abin da shawararsa ta haifar a fuskar mutanen da ta shafa.

Akwai wuri guda a kusan kowane gari inda wannan yake faruwa kowane maraice, ba tare da an kira shi makaranta ba. Fili ne mai ƙura a bayan majami'a ko a gefen makarantar firamare, inda yara ashirin ko talatin suke bin ƙwallo ɗaya, wani saurayi kuma yana tsaye da usur rataye a wuya. Iyaye sukan dubi filin su ga yaran kawai. Masu dogon buri sukan hango wani Mikel Obi ko Ahmed Musa, tun da dukansu biyu a Jos aka haife su, can kuma suka fara wasa. Wannan darasi kuwa mai usur ɗin zai duba. Cikin yara talatin da wuya a sami ɗaya da zai ci abinci da ƙwallo. Amma saurayin da yake horar da su, in an yi masa jagora daidai, yana wani karatu da zai amfane shi a gidan aurensa, a wurin aikinsa, da kowace kujerar da jama'a za su ba shi nan gaba.

Tsohuwar dabara ce

A shekara ta 1883, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, wani malamin Makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya rasa yadda zai yi da manyan yaran ajinsa, gama ba sa zama wuri ɗaya balle su saurara. Da yake shi hafsa ne a rundunar 'yan sa-kai, sai ya shigo da fareti da motsa jiki, ya raba yaran rukuni-rukuni, ya ɗora wa manyan cikinsu kula da ƙanana. Haka aka haifi ƙungiyar 'Yan Birged, wadda ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu har cikin ƙauyuka. Mutane sun fi tunawa da kaki da ganga, amma ƙashin bayan tsarin shi ne igiyar da ake ɗinka wa yaro a hannun riga. Igiyar nan tana nufin an ba shi mutane, za a kuma tambaye shi a kansu.

Bayan shekara takwas, a watan Disamba na 1891, James Naismith, mutumin Kanada da ya yi karatun tauhidi, yana koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan YMCA a garin Springfield na Amurka. Aka ba shi aji na mutum 18 waɗanda sanyin hunturu ya kulle a ɗaki, suka kuma gaji da atisayen da aka saba yi. Ya sa aka kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya rubuta dokoki 13, ƙwallon kwando ke nan. Ɗaliban nan ana shirya su ne don su yi aiki cikin matasa, ma'aikatan YMCA kuma su ne suka fara yaɗa wasan. A Ingila ma, manyan ƙungiyoyi irin su Aston Villa a 1874, da Everton a 1878, da Southampton a 1885, duk daga matasan majami'u suka tsiro. Wannan ya isa ya nuna cewa haɗa wasa da renon matasa ba baƙon abu ba ne. Sai dai misalin da ya fi dacewa da nazari yana nahiyar Afirka ne, a wurin da talauci ya fi na yawancin garuruwan masu karanta wannan mujalla.

Darasi daga kwarin Mathare

Mathare unguwar marasa galihu ce a birnin Nairobi na ƙasar Kenya. Ɗakunan kwano da laka ne cunkushe a cikin kwari, babu isassun magudanan ruwa, babu mai kwashe shara. A 1987, wani mutumin Kanada mai suna Bob Munro, wanda yake aikin ba da shawara a kan muhalli, ya ga yaran unguwar suna buga ƙwallon da suka ƙulla da leda da igiya, irin ƙwallon tsumman da kowane uba ya sani tun yana yaro. Ya yarda ya taimaka a shirya musu gasa, amma bisa sharaɗi: in sun yi wani abu za a yi musu wani abu, in sun naɗe hannu ba za a yi musu kome ba. Abin da aka nema daga gare su shi ne su share unguwarsu. Daga nan aka kafa ƙungiyar wasannin matasan Mathare, wadda aka fi sani da MYSA.

Dabarar da ta fi jan hankali tana cikin yadda ake lissafin maki. Ƙungiyar da ta ci wasa tana samun maki 3, kamar ko'ina. Amma ƙungiyar da ta fita ta kammala aikin kwashe shara da yashe kwata tana samun maki 6 a teburin gasar. Ya kamata a tsaya a auna abin da wannan yake nufi ga mai horarwa ɗan shekara 16. Tara yara su buga ƙwallo ba ya bukatar shugaba. A jefa ƙwallo a fili kawai, za su zo da kansu. Amma fitar da yara goma sha biyar da sassafe, a raba musu shebur da manjagara da baro, a sa su shiga kwata mai wari, su zauna a kan aikin har ya ƙare, a kuma mayar da kayan aiki cif-cif, wannan sai mai iya magana da mutane. Tilas ya san wanda zai bi gida ya taso shi, wanda zai yaba wa, da wanda zai ja gefe ya tsawata masa. Tilas kuma shi ya fara shiga kwatar. Ƙungiya mai gwanayen 'yan wasa da ragon shugaba tana iya samun kanta a ƙasan wadda ba ta kai ta iya taka leda ba.

Abu na biyu shi ne wanda yake riƙe da ragamar. An raba yankin shiyya-shiyya har 16, kowace shiyya da kwamitinta da matasa suka zaɓa daga cikinsu. Masu horarwa da alkalan wasa 'yan sa-kai ne, yawancinsu samari da 'yan mata da ba su daɗe da barin ƙungiyoyin ƙanana ba. Su suke tsara ranakun wasa, su saurari ƙara, su yanke hukunci. Wanda ya yi aikin sa-kai ana rubuta masa maki, waɗanda suka fi tarawa kuma a ba su kyautar shugabanci da take taimakawa wajen biyan kuɗin makaranta. A 1992 aka buɗe wa 'yan mata gasa tasu, ko da yake iyaye da yawa sun ƙi da farko domin aikin gida yana wuyan 'ya'ya mata. A 1994 aka fara horar da matasan su koya wa 'yan'uwansu yadda za su kare kansu daga cutar ƙanjamau. A 1999 waɗansu daga cikinsu suka tafi sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a arewa maso yammacin Kenya, suka taimaka aka kafa irin wannan tsari tsakanin mutanen da suka gudo daga Sudan, Somaliya, Habasha da sauran ƙasashe. Yaran da ake gani ba su da abin bayarwa, ga su sun zama masu koyarwa.

Ƙwallon ma bai sha wuya ba. Babbar ƙungiyar da ta fito daga tsarin, Mathare United, an kafa ta a 1994, ta ci kofin ƙalubale na Kenya a 1998, ta kuma ɗauki kambin gasar ƙasar a 2008. Wanda ya jagorance ta a wannan shekara, Francis Kimanzi, a cikin tsarin ya tashi, ya kuma horar da babbar ƙungiyar ƙasar Kenya. An gabatar da sunan MYSA don kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2003 da 2004. Munro ya rasu a 2025.

Sai dai labarin bai cika ba in ba a faɗi ɗaya gefen ba. A 2012 wata gidauniya ta ƙasar Norwe da ta daɗe tana tallafa wa MYSA ta yanke hulɗa da ita, bayan zarge-zargen da suka haɗa da rage shekarun 'yan wasa da cin zarafin 'yan mata, shugabannin ƙungiyar kuwa suka tashi kare kansu. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, waɗannan abubuwa biyu su ne ramukan da suke gaban kowane mai horar da yara, ko a Nairobi ko a Kafanchan. Za a dawo kansu.

Abin da fili yake koyarwa

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 18 da aka ba yara 25 'yan ƙasa da shekara 12. Ranar wasa mutum 11 ne za su fara. Nan take ya shiga abin da manya suke kira rabon muƙami, da dukan matsin da yake tattare da shi. Ga yaron da mahaifinsa ya sayi ƙwallon, wanda bisa tsohuwar dokar unguwa mai ƙwallo ba ya zama a benci. Ga ɗan wani dattijon ikilisiya da uwarsa ta riga ta yi magana a bakin ƙofar majami'a. Ga ƙanen mai horarwar, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga kuma ɗan wata gwauruwa, ba shi da takalmi, ba shi da mai yi masa magana, amma bai taɓa fashin atisaye ba. Duk zaɓin da saurayin ya yi, wani zai koma gida da hawaye, yara kuwa ba sa ɓoye abin da suka gani. Babba yana iya yin shiru a kan son kai shekara goma yana murmushi. Yaro ɗan shekara goma zai faɗa a fili, a gaban kowa, kafin a busa usur.

Mai horarwa mai hankali yakan gane da wuri cewa mafitarsa ɗaya ce: ya kafa doka tun kafin ranar, ya faɗe ta kowa ya ji, sa'an nan ya bi ta. Misali, wanda bai zo atisaye ba a makon, ba zai fara wasa ba. Dokar tana da sauƙi har ranar da gwanin ƙungiyar, mai cin ƙwallaye, ya yi fashi ana gobe wasan ƙarshe. A wannan dare saurayin yakan gane ko dokar tasa doka ce ko kuwa bulala ce ta dukan marasa gata. In ya zaunar da gwanin, mai yiwuwa kofi ya kuɓuce, magoya baya su yi masa ihu. In ya sa shi, yara 24 sun koyi cewa doka tana da ƙofar baya. Babu littafin da zai koya wa mutum nauyin wannan zaɓi kamar ya tsaya cikinsa da ƙafafunsa, kuma alheri ne a gare shi ya gamu da shi tun abin da za a rasa ƙaramin kofi ne, ba baitulmalin jama'a ba.

A garuruwan da rikici ya raba unguwanni, kamar Kaduna bayan 2000 da Jos bayan 2001, zaɓin yana da ƙarin nauyi. Sau da yawa filin ƙwallo ne wuri na ƙarshe da ya rage inda Bulus da Musa suke sa riga iri ɗaya. Mai horarwar da ya iya hana zagin ƙabila ko na addini a bakin yaransa, ya kuma ba mai cancanta kyaftin ko daga wace unguwa ya fito, ya yi aikin da kwamitocin sulhu da yawa suke fama da shi.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ƙanƙantarsa take sa a rena shi. Ana tara naira ɗari-ɗari don sayen ƙwallo, ruwan sha da kuɗin mota. In saurayin ya saba rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya karanta wa yara da iyaye a ƙarshen wata, ya sami tarbiyyar ma'aji. In ya saba zuba kuɗin a aljihunsa tare da nasa, da niyyar zai mayar, to an san inda wannan hanya take ɓullewa.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar da aka sha kashi. Yara suna kuka, iyaye suna neman mai laifi, mai tsaron gida da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa yana so ƙasa ta tsage ya shige. Hausawa sun ce babba juji ne. Mai horarwa yana da zaɓi ya tsaya tsakanin yaron da bakin mutane, ya ce shi ne ya tsara wasan, ko kuwa ya nuna yaron da yatsa ya tsira da nasa mutunci. Yaran ba za su tuna ƙwallaye nawa aka ci su ba, amma wannan za su tuna. A hutun rabin lokaci ma akwai darasi: yana da 'yan mintoci, yara suna haki, ba za su riƙe abu biyar ba. Sai ya zaɓi abu ɗaya ya faɗe shi a taƙaice. Da ma waɗansu masu jawabi a taro sun taɓa riƙe ƙungiyar yara!

Wani abu kuma da ya sa filin ya yi kama da aikin jama'a shi ne, yaran nan ba ma'aikata ba ne. Ba a biyansu, ba a tilasta musu. In mai horarwa ya cika zagi da duka, ba za su kai ƙara ba. Gobe dai zai zo ya tarar da fili wayam, sun koma wajen wani. Jagorancin mutanen da suke da ikon tafiyarsu shi ne irin wanda ake yi a zumunta, a ƙungiyar mawaƙa, a ƙungiyar ci gaban gari. Mai tsawa da bulala yana iya riƙe aji, gama an kulle ƙofa. Fili ba shi da ƙofa.

Jarrabawar shekaru

Nijeriya ta ci kofin duniya na ƙananan matasa sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A cikin wannan tarihi akwai abin koyi game da miƙa aiki. Nduka Ugbade, wanda ya ɗaga kofin farko a ƙasar Sin a 1985 yana kyaftin, yana cikin mataimakan Manu Garba sa'ad da aka ci na 2013. Ɗaya mataimakin, Emmanuel Amuneke, shi ya jagoranci yaran da suka ci na 2015.

Amma akwai tabo. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, domin ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Ƙasar ta kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI, wadda take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Ƙashin yaro yana da wurin da bai gama haɗewa ba muddin yana girma. In hoton ya nuna ya haɗe sarai, kusan tabbas mutumin ya wuce shekara 17. A 2016, gab da wasan neman gurbi da Nijar, 'yan wasa 26 na sansanin Nijeriya suka faɗi wannan gwaji, Nijar kuma ta fitar da masu riƙe da kofin duniya bayan wasa na biyu a Yamai. Daga baya, a Kamaru, 21 cikin 30 ne suka faɗi.

Mutane sukan ɗora laifin a kan manyan jami'ai, amma ƙaryar ba a can take farawa ba. Tana farawa ne a gasar 'yan ƙasa da shekara 13 ta gunduma, sa'ad da mai horarwa ya dubi wani yaro ɗan shekara 16 mai ƙaramin jiki ya ce masa ya aske gashin baki, in an tambaye shi ya ce 12. Hujjar kullum ɗaya ce, wai kowa haka yake yi, in ba a yi ba za a sha kashi. Gaskiya ne kuwa, sau da yawa za a sha kashin. Ba amfani a ruɗi saurayi da cewa mai gaskiya kullum shi yake ɗaukar kofi. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne kuɗin da ake biya. Yaron da yake ɗan 12 na gaskiya an ƙwace masa gurbinsa, an kuma jefa takwarorinsa na ɗaya ƙungiyar cikin haɗarin karaya a hannun wanda ya fi su ƙashi. Yaron da aka rage wa shekaru an koya masa cewa babba mai mutunci yana iya sa shi ƙarya don a ci riba, zai kuma ɗauki wannan takarda ya bi ta da wata har ya rasa ranar haihuwarsa ta ainihi. Shi mai horarwar kuwa ya yi cinikinsa na farko da gaskiya, na biyu ba zai yi masa wuya haka ba. Mutumin da ya sa hannu a takardar shekarun ƙarya yana ɗan 19, ba abin mamaki ba ne ya sa hannu a rasit na ƙarya yana ɗan 40.

A nan iyaye suna da hannu dumu-dumu, gama ba mai horarwa ne yake zuwa kotu ya karɓo takardar rantsuwa ta shekaru ba. Ikilisiya kuma tana da abin da ƙungiyoyin unguwa ba su da shi, wato littafin miƙa jarirai da na baftisma, ban da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Gasar da ikilisiyoyi suka shirya ba ta da dalilin yin rajistar yaro da baki kawai.

Iko a kan yara

Rami na biyu ya fi muni. Mai horarwa yana riƙe da abin da yaro yake so fiye da kome, wato gurbi a fili, mugun mutum kuwa ya san darajar wannan. A watan Nuwamba na 2016 tsofaffin 'yan wasa a Ingila suka fara fitowa suna bayyana yadda masu horar da su suka lalata su tun suna yara. An yanke wa ɗaya daga cikin masu horarwar, Barry Bennell, hukuncin ɗaurin shekaru masu yawa a 2018, binciken da aka fitar a 2021 kuma ya nuna hukumar ƙwallon ƙasar ta yi jinkirin kafa matakan kare yara. A ƙarshen 2021 irin wannan zargi ya fito a Gabon a kan wani tsohon mai horar da 'yan ƙasa da shekara 17. Yaran sun yi shiru shekara da shekaru domin tsoron rasa gurbi da tsoron ba za a gaskata su ba.

Saboda haka miƙa wa matashi ƙungiya ba ya nufin a juya baya. Kada mai horarwa ya keɓe da yaro ɗaya a ɗaki. Kada a yi tafiya ko kwana a wani gari sai da manya biyu aƙalla, ƙungiyar 'yan mata kuma sai da mace babba, wadda Zumuntar Mata za ta iya bayarwa. Yara su san sunan wani babba, ban da mai horarwa, da za su iya kai wa kuka. Waɗannan ƙa'idodi suna kare yaro, suna kuma kare saurayin kirki daga ƙazafi. Haka nan a yi hattara da dillalan da suke yawo da alkawarin kai yaro Turai in an biya kuɗi. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya ce a sayar da gona don a kai ɗan shekara 14 gwaji a waje, a tambaye shi da kyau.

Rabon iyaye da dattawa

Kuskuren da manya suka fi yi iri biyu ne. Waɗansu sukan ba saurayi usur amma su riƙe kowace shawara, har sunayen waɗanda za su buga sai an kawo musu sun gyara. Wannan ɗan aike aka samu, ba a reni kowa ba. Waɗansu kuma sukan sake shi gaba ɗaya, ba a tuna da shi sai ranar da rigima ta tashi. Abin da yake aiki shi ne a ba shi shawarwarin fili su zama nasa, a naɗa babba ɗaya mai haƙuri da zai zauna da shi ko sau ɗaya a wata. Zaman ba na ba da umarni ba ne. Babban ya tambaya: wane yaro ne ya daina zuwa, an bi shi gida? Wa bai taɓa shiga wasa ba a wannan wata? Ina littafin kuɗi? Me ya faru ranar da aka yi faɗa da alkalin wasa? Ɗan wasan da ya zagi alkali ma, maimakon a kore shi, a ba shi usur ya yi alkalancin wasan ƙanana sau biyu ko uku, ya ɗanɗana.

Uban da yake tsaye a bakin fili yana yi wa mai horarwa tsawa a gaban yara yana rushe abin da ake ginawa. In yana da magana ya same shi bayan an tashi. Iyayen shi mai horarwar kuma su kula kada aikin ya cinye karatunsa ko sana'arsa, a kuma tsayar da lokacin atisaye yadda ba zai ci karo da sujada, aikin gida da na gona ba. 'Ya'ya mata su sami nasu rabo. Yarinyar da ta riƙe ƙungiyar ƙwallon raga ko ta ƙafa ta ƙananan 'yan mata tana koyon abin da ɗan'uwanta yake koya, kuma sau da yawa ita ce ba a tunawa da ita in ana rabon ƙwallo da riguna.

Tun ranar da aka ba matashi ƙungiya ya kamata a gaya masa cewa cikin shekara biyu zai miƙa ta, domin karatu ko neman aiki zai ɗauke shi daga garin ko ya so ko bai so ba. Saboda haka ya zaɓi mataimaki daga cikin manyan yaran tun a watannin farko, ya bar masa atisayen rana ɗaya a mako, daga baya ya bar masa wasan sada zumunci shi kuwa ya zauna a benci ya kame bakinsa. Ranar miƙawa a yi ta a gaban iyaye da babban da yake lura da su: a ƙirga ƙwallaye da riguna, a karanta abin da ya rage a asusu, a miƙa littafin sunayen yara da ranakun haihuwarsu, sa'an nan a miƙa usur.